Daga Katsina zuwa Jidda kilomita nawa ne a sama? Ga yadda za ka lissafa da kanka

Bara da Inna za ta tafi Umara muna zaune tsakar gida bayan isha'i ana ta ɗaure kaya, ga yaji ga kuka ga garin kunu an ƙulla a leda, sai ta juyo ta ce mani, kai da ka yi boko, awa nawa za mu yi a sama? Ba wai don jin daɗin hira ta tambaya ba, tana da ciwon suga, akwai lokacin cin abincinta akwai lokacin shan magani, kuma ƙafarta na kumbura in ta daɗe zaune. Ejan ɗin da ya yi mana tikiti cewa ya yi "awa huɗu ne Hajiya, kamar ki je Kano ki dawo". Da na karɓi takardar na duba da kyau sai na ga ashe jirgin ba kai tsaye zai tafi ba, sai an sauka wata ƙasa an yi zaman jira na awanni sannan a canza jirgi. Shi awa huɗun da ya faɗa ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, lissafin miƙaƙƙen layi ne ya ɗauko, amma ba ita ce tafiyar da Inna za ta yi ba. Tun ranar na ce wannan abu ya kamata kowa ya iya shi, don wallahi ba wuya, wayarka da kalkuleta sun isa.

Abu na farko, ka san filin jirgin da kake magana a kai, ba sunan gari kawai ba. Nan mutane da yawa ke fara ɓata lissafi. Kusan kowane filin jirgin fasinja a duniya yana da lamba ta haruffa uku, ita ce ake bugawa jikin tikiti da takardar da ake liƙa wa jaka. Namu na Katsina, filin jirgin Umaru Musa Yar'adua, lambarshi DKA. Na Malam Aminu Kano KAN ne, Kaduna KAD, Abuja ABV, Legas LOS, Sakkwato SKO. Can Saudiyya kuma filin Sarki Abdul'aziz na Jidda JED, na Madina MED. Ita Makka ba ta da filin jirgi, don haka in ka ga wani shafi ya rubuta maka nisan jirgi zuwa Makka to Jidda yake nufi ko kuma tsakiyar gari ya auna, sauran tafiyar a mota ko jirgin ƙasa ake ƙarasa ta. Ka kula da DKA ɗin nan, in hannunka ya zame ka buga DKR ka tafi Dakar, DAC kuma Dhaka ce ta Bangaladash. Akwai kuma garuruwa masu fili fiye da ɗaya, Landan na da LHR da LGW da wasu, Istanbul na da IST da SAW, 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai sun san DXB daban, SHJ na Sharja daban.

Na biyu, ka gane mi ake aunawa. Wannan wurin zan ɗan daɗe a kai don in ka gane shi sauran duk sauƙi ne. Duniya dunƙulalliya ce, taswirar da muka saba gani manne a bangon aji kuma shimfiɗaɗɗiya ce, to duk wanda ya taɓa ɓare lemo ya yi ƙoƙarin shimfiɗa ɓawon a faranti ya san dole sai ya yage ko ya miƙe ta wani gefe. Haka taswira take, tana ƙara wa ƙasashen can sama girma, shi ya sa in ka ɗora rula a kanta ka ja layi ba lallai ne ka samu hanya mafi kusa ba. Ni da ƙwarya na nuna wa ƙannena. Na kifa ƙwaryar furar Inna a tabarma, na ɗiga alama biyu da gawayi, ɗaya nan gefe ɗaya can, na ce wa ƙaramin ya danne bakin zare a alama ta farko ni kuma na ja shi ya yi tsam zuwa ta biyu. Inda zaren nan ya kwanta da kanshi, nan ne hanya mafi gajarta, ba ka iya samun wadda ta fi ta. Wannan layin zaren shi ne abin da duk shafukan intanet ke ba ka in ka tambayi nisan filin jirgi da filin jirgi. A tafiya irin tamu zuwa Jidda lanƙwasar ba ta da yawa saboda muna kusa da tsakiyar duniya, amma jirgin da ya tashi Dubai zuwa yammacin Amurka sai ka ga ya haura can ƙuryar arewa wajen ƙanƙara, mutum ya yi zaton ɓata ya yi, alhali zaren ya bi.

Kuma abin da ke burge ni, mu wannan layi mun daɗe da saninshi ba mu dai kira shi da wannan suna ba. Alƙibla ce. In ka tsaya sallah a Katsina ba gabas sak kake kallo ba, ka ɗan karkata arewa, wajen digiri 70 in ka fara ƙirga daga arewa, to kusan nan ne hancin jirgin zai nufa in an bar shi ya tafi Jidda kai tsaye. Zai ratsa Nijar ta ɓangaren Damagaram, ya shiga Chadi ta arewa da Tafkin Chadi, ya bi arewacin Sudan, ya tsallake Bahar Maliya sai Jidda. Kusan ƙasashen da kakanninmu suka ratsa a ƙafa da jakuna da raƙuma suna shekara da shekaru a hanya, wasu ma suka zauna Sudan har yau zuri'arsu na can.

Na uku shi ne hanya mai sauƙi ga wanda ke da data. Ka buɗe Google Maps, ka nemo filin jirgin farko, ka danna yatsa ka riƙe har jan tsinken nan ya fito, ka jawo bayanin da ke ƙasa za ka ga wurin auna tazara mai hoton rula, ka taɓa shi sannan ka ja taswirar har alamar ta sauka kan fili na biyu, lambar za ta fito ƙasan sikirin. Akwai kuma shafin Great Circle Mapper, shi ma kawai ka rubuta DKA-JED ya zana maka layin ya ba ka nisa. Sai dai ka duba da wane ma'auni aka ba ka amsar, don iri uku ne ke yawo kuma suna rikita mutane. Akwai kilomita da muka sani, akwai mil na ƙasa wanda ya kai kilomita 1.609, akwai kuma mil na ruwa da matuƙa jirgi ke aiki da shi, shi kilomita 1.852 ne. Tafiya ɗaya tak, Katsina zuwa Jidda, wani zai ce maka 3,470 wani ya ce 2,160 wani ya ce 1,870, ka ga ana ta musu a guruf alhali duk gaskiya suka faɗa, na farko kilomita, na biyu mil na ƙasa, na uku mil na ruwa.

Na huɗu, lissafi da hannu. Wani zai ce tunda waya na yi mi ya kai ni wahala, to ni dai ina ganin wanda ya taɓa yin shi sau ɗaya ba a ƙara yi mashi wayo da lambobi, kuma ɗalibanmu na sakandare da ke kuka da darasin layukan taswira a nan za su ga amfaninshi. Kowane wuri a duniya yana da lambobi biyu, ɗaya na nuna nisanshi arewa ko kudu daga layin da ya raba duniya biyu, ɗayar na nuna nisanshi gabas ko yamma daga layin da ya ratsa Landan. In ka danna ka riƙe a Google Maps za ka gan su. Filin jirgin Katsina yana wajen digiri 13.0 arewa, 7.7 gabas. Na Jidda yana 21.7 arewa, 39.2 gabas. In ka ci karo da su an rubuta da digiri da minti, ka raba mintin da 60, misali digiri 7 da minti 39 ya zama 7.65.

Abin da za ka riƙe shi ne digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne ko ina kake, saboda kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne, ka raba da 360 ka gani. To fara da na arewa, 21.7 a cire 13.0 saura 8.7, sau 111 ya ba ka kusan 966. Ajiye wannan gefe. Sai na gabas, 39.2 a cire 7.7 saura 31.5, sau 111 ya ba ka kusan 3,497, amma nan akwai gyara, kada ka yi gaggawa. Layukan da suka taso daga arewa zuwa kudu suna matsewa yayin da kake haurawa sama, kamar dai yadda ɓallin lemo ke da faɗi a tsakiya ya tsuke a kai, don haka digirin gabas a wajenmu bai cika 111 ba. Yadda ake gyarawa, ka haɗa 13.0 da 21.7 ka raba biyu, ya ba ka 17.35, ka juya kalkuletar wayarka a kwance maɓallan kimiyya su fito, ka buga cos na 17.35, za ka samu wajen 0.954. In ka ga wata lamba daban ta fito to kalkuletar na kan RAD ne, mai da ita DEG. Yanzu 3,497 sau 0.954 ya ba ka kusan 3,336.

Saura haɗawa. Ba tarawa za ka yi kai tsaye ba, don jirgi ba zai tafi gabas ya gama sannan ya yi kwana arewa ba, yankewa zai yi ta tsakiya kamar mai ratsa gona ta kusurwa. 966 sau 966, ka tara da 3,336 sau 3,336, jimla ta haura miliyan 12 kaɗan, ka danna maɓallin √ a kanta, amsa za ta zo wajen 3,470. Ka ga daidai da abin da shafin ya bayar. Wannan dabara tana aiki lafiya lau a tafiye-tafiyen da ba su wuce kilomita dubu uku zuwa huɗu ba a yankinmu, amma in za ka auna Kano zuwa Chaina ko Amurka kuskurenta na girma, can sai ka koma wa shafin.

Gwada da kanka da na maƙwabta. Filin jirgin Diori Hamani na Yamai, lambarshi NIM, yana 13.5 arewa, 2.2 gabas. In ka bi matakan nan za ka samu kusan kilomita 600 daga Katsina. Madina kuma tana 24.6 arewa, 39.7 gabas, za ta ba ka wajen 3,600, wato ta fi Jidda nisa da kilomita ɗari da wani abu. Daga Kano zuwa Jidda wajen 3,420 ne, bambancinshi da Katsina bai taka kara ya karya ba, abin da ya fi shi ne kilomita kusan 170 da za ka fara ci a mota kafin ka isa Kanon, mutumin Daura ma sai ya sa tashi hanyar cikin lissafi ko Katsina zai bi ko Kano.

Na biyar, mai da kilomita zuwa awa, wanda shi ne ainihin tambayar Inna. Manyan jiragen fasinja in sun daidaita a sama, wajen kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa. Ni 850 nake ɗauka. 3,470 a raba da 850 ya ba ka awa huɗu da 'yan mintuna, sai ka ƙara rabin awa na hawa da sauka da gangarawa kan titin jirgi, don jirgi ba ya tashi da cikakken gudu kuma tun da nisa yake fara rage shi. Ka samu awa huɗu da rabi kenan in komai ya tafi daidai. Iska ma tana da nata, can sama akwai iska mai ƙarfi da ke sauya alƙibla gwargwadon lokacin shekara, in ta biyo bayan jirgi ta tura shi, in ta tare shi ta gaba ta ja mashi lokaci, shi ya sa zuwa da dawowa ba su cika zama daidai ba ko da jirgi ɗaya ne hanya ɗaya.

To amma fa a nan ne zaren ƙwarya ke rabuwa da gaskiyar tafiya. Jirgi ba tsuntsu ba ne da zai bi inda ya ga dama, sama ma tana da hanyoyi da aka shata, kuma kowace ƙasa ita ke da iko da samanta, sai ta ba da izini a ratsa. Ko a lokacin zaman lafiya hanyar da jirgi ke bi takan ɗara miƙaƙƙen layi kaɗan. In kuma rikici ya tashi sai lissafi ya canza gaba ɗaya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 aka rufe samanta, kuma ka tuna babban yanki na layinmu ta kanta ya bi, sai ya zama dole jiragen alhazan 2023 su yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, har kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi a hajjin shekarar. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 ita ma Nijar ta rufe nata saman na wani lokaci. Saboda haka lambar 3,470 ita ce mafi ƙaranci, ƙasa da ita ba ya yiwuwa, amma sama da ita kullum yana yiwuwa. Yadda za ka san abin da ake ciki yanzu, ka ɗauki lambar jirgin da ke jikin tikiti, haruffa biyu da lambobi, ka sa ta a Flightradar24 ko FlightAware, za ka ga hanyar da ya bi jiya da shekaranjiya da awannin da ya ci. Wannan ya fi maganar kowa, don abin da ya faru ne ba hasashe ba.

Na shida, in tikitin mai yada zango ne, lissafa kowace gaɓa daban sannan ka tara. Misali wanda ya tashi Kano ya bi ta Alƙahira, gaɓar farko kusan kilomita 3,100, daga Alƙahira zuwa Jidda kusan 1,200, jimla 4,300. Wanda ya bi ta Adis Ababa kuma wajen 3,330 da 1,410, jimla ta haura 4,700. Kowace gaɓa ka raba da 850 ka ƙara mata rabin awarta, sannan ka ɗora zaman jira a kai, wanda sau da yawa shi ne ma ya fi cin rai, don ana iya yin awa biyu ana iya kwana. Irin wannan tikiti yakan fi araha kuma ga matashi mai ƙarfi ba laifi, amma in tsoho za ka tura ko mai jinya ko mai goyo, don Allah ka zauna ka yi wannan lissafi kafin ka biya, ka tambayi ejan ƙarara, Alhaji a ina za a sauka, awa nawa za a jira, jaka za ta wuce da kanta ko sai an sake ɗauko ta. In ya fara kame-kame ka ce ya turo maka takardar tafiyar ka karanta da idonka.

Sai maganar agogo, wadda ke ruɗa har masu ilimi. Lokutan da ke jikin tikiti kowanne agogon garin da aka ambata ne. Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu, Habasha ma haka, Dubai awa uku, Nijar kuwa agogonmu ɗaya. A ce an rubuta tashi daga Katsina ƙarfe 10:00 na dare, sauka Jidda 4:30 na asuba, in ka ƙirga a yatsa za ka ce awa shida da rabi, a'a, cire biyun nan, huɗu da rabi ne. A dawowa kuma abin ya juye, a tashi Jidda 10:00 na safe a sauka Katsina 12:30 na rana, sai ka yi murna ka ce awa biyu da rabi kacal, to ƙara biyu. Masu zuwa tarbar alhazai su ma su riƙe wannan, lokacin saukar da aka rubuta agogonmu ne na nan, ba sai kun ƙara ko kun rage komai ba. Wanda kuma zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, sanin awannin nan zai taimaka mashi ya kimtsa da haraminshi tun kafin a zo daidai miƙati, hukuncin wannan kuwa a tambayi malamai tun a wajen bita.

Ita dai Inna abin da na yi mata, na samu 'yar takarda na rubuta da manyan baƙaƙe, gefe ɗaya agogon Katsina gefe ɗaya agogon can, na sa alama a lokacin da za ta ci wani abu da lokacin magani, na ce kada ta taɓa agogon hannunta sai ta isa masauki. Maganin da dabino da ɗan biskit muka sa a ƙaramar jakar da za ta riƙe, ba cikin babban akwati ba, na kuma roƙi wata 'yar unguwarmu da suke tafiya tare, na ce Yaya don Allah duk bayan awa ɗaya da rabi in an kashe fitilar ɗamara ki tashe ta ta ɗan taka zuwa bayan jirgi ta dawo. Da suka isa ta kira ni a wayar Yayar, muryarta garau, ta ce takardar na nan cikin lalitarta za ta yi aiki da ita a dawowa, in dai na tabbata na rubuta mata na dawowar a bayanta. Na ce na rubuta Inna, juya ki gani.